Ya Isa

Ƙarfe uku na dare a Garin Malam.
An ɗauke wuta, famfo ya ƙafe tun Talata.
Ni da fitilar salula da kayen jarrabawa,
Inna Tsahara da robar ƙullun fanke,
ta lulluɓe shi da tsohon zane,
tana jiran ya tashi.

Ta ce, "Barira, me kike ta gunguni
kamar mai tsine wa ɓarawon akuya?"
Na ce, suna ne, Inna:
izopropilmalat sintaz.
Ta yi dariya har giɓinta ya leƙo.
"Wanda ya raɗa wannan suna
bai taɓa ƙwala wa yaro kira daga bakin kasuwa ba."

Anzim ne, na ce. Ma'aikaci.
Ƙwayar gero a gabansa dutsen Birni ce.
Yana cikin yis ɗin da kika barbaɗa ɗazu,
yana cikin ganyen hatsi a gonakin Mirya,
cikin wake, cikin zogalen bayan ɗaki.
Sana'arsa guda:
ya kamo abu biyu baƙin juna, ya ɗinke,
yadda baduku ke haɗa fata da fata,
ya miƙa wa na gaba.
Na biyu ya juya ɗinkin,
na uku ya rage, ƴar iska ta fice,
na huɗu ya ɗora abin da ya saura,
sai ga lusin.

Mu ba mu gaji wannan sana'a ba.
Jikin ɗan Adam, duk taƙamarsa,
bai iya ƙera lusin ko na dala ba.
Sai ya sha a fura, ya ci a tuwo,
ya karɓa daga hannun tsiro.
Wannan damtsen naki, Inna,
da aikin gero aka gina shi.

Ta dubi damtsen.
Tabon tafasasshen mai, ɗigo ɗigo,
daga wuyan hannu har gwiwa.
Ta ce, "To, gero ya yi ƙoƙari."

Na juya shafi.
Ga wurin da malaminmu ya ja wa jan layi:
in lusin ya wadata, sai ya komo baya,
ya nemi na farkon nan, mai ɗinki.
Ba ya tare masa bakin aiki.
Akwai wani gurbi can a gefe,
a ce kafaɗa,
nan zai hau ya zauna.
Ma'aikaci ya ji nauyin, ya sassauta hannu.
Babu tsawa, babu kora.
Abin da ya haifa ne ya dawo
ya ce masa ya isa.
In an cinye lusin, kafaɗa ta yi sakayau,
ya ɗauki aiki daga inda ya ajiye.

Inna ba ta ce komai ba.
Ta ɗaga bakin zane ta leƙa.
Ƙullu ya kumbura, yana numfashi,
yana fitar da ƙananan idanu.
Shekara ashirin da uku
tana kai wannan roba kasuwar Dole
kafin ƴan kabu-kabu su dumama inji.
Da ita aka sayi kayen da ke hannuna,
da salular, da hasken da ke cikinta.

Can ta ce, ba da ni ba, da ƙullun,
"Wannan ya yi dace da ƴaƴa."

Na ajiye kaye a kan tabarma.
Na matsa, na ɗora hannu a kafaɗarta.
Ƙashi ne, da zafi, da warin hayaƙi.
Na ce, Inna, ya isa.

Ta ce, "Ke! Ɗauke hannunki.
Kuɗin rajista saura jaka bakwai.
Lusin ɗin bai cika ba tukuna."

Amma ba ta ture shi ba.
Ta bar shi nan,
kasko na jira, itace na jira,
har ladanin unguwa ya gyara murya.